Shekaru Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Yadda Ake Kula da Cikin da Aka Sauya wa Tsari

A shekarar farko bayan tiyatar rage ƙiba, ido yana kan mutum. Likita na kira, masanin abinci na bibiya, ma'auni kullum yana ba da labari mai daɗi, shi kansa mai jikin yana kaffa-kaffa da kowace loma. Sai shekara ta uku ko ta huɗu ta zagayo: jiki ya yi sakayau, gwiwa ta daina ciwo, an rage maganin suga ko an ajiye shi, kwalbar bitamin ta ƙare ba a sayo wata ba, ranar ganin likita ta wuce ba wanda ya tuna. A wannan tsakanin ne yawancin matsalolin da ke kwantar da mutane suke fara tsiro, kuma kusan dukkansu a ɓoye suke girma, mutum yana jin garau. Abin da aka yanke ko aka karkatar a ciki yana nan yadda aka bar shi, don haka kulawar da yake bukata ba ta ƙarewa da saukar nauyi.

Ku san irin aikin da aka yi muku

Da yawa za su ce "an rage min tumbi ne", su tsaya a nan. Wannan bai isa ba, domin kowane aiki da irin matsalar da take bin sa.

A aikin silib, ana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar da shi, a bar siririn bututu mai kama da ayaba. Ba a taɓa hanji ba. Ɓangaren da aka cire shi ne ke samar da mafi yawan girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa, shi ya sa sha'awar abinci ke raguwa a watannin farko. Amma ruwan tsamin da ke narka abinci ya ragu, haka ma sinadarin da ke ɗaukar bitamin B12 ya kai shi inda hanji zai tsotse shi.

A aikin baifas na Roux-en-Y, wanda asalinsa ya samo daga aikin Edward Mason na Jami'ar Iowa ta Amurka a shekarun 1960, ana ware 'yar jaka daga saman tumbi, mai cin kamar mililita 30, wato girman ƙwai, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Abinci yana tsallake sauran tumbin da kuma farkon hanji, wato diyodinam, alhali a nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Akwai kuma baifas mai haɗi ɗaya, da aikin sauyin diyodinam, waɗanda suke tsallake hanji mai tsawo fiye da haka. Duk yadda hanjin da aka tsallake ya ƙara tsawo, haka ƙarancin sinadarai ke ƙara tsanani, musamman bitamin A, D, E da K masu bin maiƙo. Waɗanda aka saka wa zobe a wuyan tumbi don matse shi kuwa, tasu damuwar ita ce zoben ya zame ko ya ci bangon tumbin.

Ku karɓi kwafin rahoton tiyatarku daga asibitin da aka yi ta, ku adana. Shekara goma nan gaba, likitan da zai duba ku da tsakar dare mai yiwuwa bai taɓa ganinku ba.

Bitamin: nan ne aka fi yin sake

Jiki yana da rumbu, kuma kowane sinadari da tsawon lokacin da ajiyarsa ke ɗauka. Tiyamin, wato bitamin B1, ajiyarsa ba ta wuce mako biyu zuwa uku. B12 kuwa hanta na iya riƙe na shekaru. Wannan ne ke yaudarar mutane: mutum ya daina shan B12, ya yi shekara biyu lafiya lau, ya tabbatar wa kansa cewa dama ba ya bukata. A shekara ta uku ko ta huɗu sai tafin ƙafa ya fara tsikari kamar ana soka allura, yatsu su yi sanyi su mutu, tafiya ta fara tangaɗi musamman a cikin duhu, mantuwa ta shigo. Idan an daɗe ba a gano ba, jijiyoyin da suka lalace ba lallai su dawo daidai ba ko an cika jinin da B12 daga baya.

Ga adadin da ƙungiyar likitocin wannan tiyata ta Amurka, ASMBS, ta ba da a ƙa'idojinta, wanda asibitoci da yawa ke bi. Likitanku zai iya ƙarawa ko ragewa gwargwadon sakamakon jininku.

B12: maikurogiram 350 zuwa 1,000 a baki kullum, ko allurar maikurogiram 1,000 duk wata. A Birtaniya an fi yin allurar miligiram 1 duk wata uku. Tiyamin: aƙalla miligiram 12 kullum, an fi son 50 zuwa 100. Folik asid: maikurogiram 400 zuwa 800, mata masu shekarun haihuwa 800 zuwa 1,000. Bitamin D: 3,000 a ma'aunin IU da ake rubutawa a jikin kwalba, kullum, har awon jini ya haura nanogiram 30 a mililita. Zinki: miligiram 8 zuwa 22 gwargwadon aikin, tare da jan ƙarfe miligiram 1 zuwa 2. Kada a sha zinki da yawa shi kaɗai, domin yana hana hanji tsotsar jan ƙarfe, ƙarancin jan ƙarfe kuma yana kawo ƙarancin jini da ciwon jijiya mai kama da na B12. Ƙa'idar ita ce miligiram 1 na jan ƙarfe ga kowane miligiram 8 zuwa 15 na zinki.

Ƙarfe da kalsiyam su ne ke bukatar dabara. Mace mai jinin al'ada, da duk wanda aka yi wa silib ko baifas, ana son ya samu miligiram 45 zuwa 60 na tsantsar ƙarfe a rana. A duba kwalbar da kyau: lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe sau da yawa nauyin gishirin ƙarfen ne gaba ɗaya, tsantsar ƙarfen kuwa tana can ƙasa da ƙananan rubutu. Ƙwayar feros salfet mai miligiram 200, alal misali, ƙarfen da ke cikinta kamar miligiram 65 ne. Kalsiyam kuma miligiram 1,200 zuwa 1,500 a rana idan an haɗa na abinci da na ƙwaya, masu sauyin diyodinam 1,800 zuwa 2,400. Hanji ba ya iya tsotsar fiye da miligiram 500 zuwa 600 a zama ɗaya, don haka a raba shi biyu ko uku. An fi son kalsiyam sitiret, saboda ba ya bukatar ruwan tsamin tumbi kafin ya narke. Kalsiyam kabonet sai an sha shi da abinci.

Ƙarfe da kalsiyam ba sa ga maciji: idan suka haɗu a hanji, kalsiyam ne ke tare hanya. A bar aƙalla awa biyu tsakaninsu. Shayi, kofi, madara da magungunan rage tsamin ciki su ma suna rage tsotsar ƙarfe, bitamin C kuwa yana taimaka masa. Tsari mai sauƙi shi ne: haɗaɗɗen bitamin mai ƙarfe da safe, kalsiyam da rana, kalsiyam na biyu da dare. Idan an yi watanni ana shan ƙarfe a baki amma awon ƙarfen jini bai motsa ba, kada a yi ta ƙara ƙwaya ana fama da cushewar ciki. Bayan baifas sau da yawa sai an ba da shi ta jijiya.

Bitamin na taunawa masu kama da alewa yawanci ba su da ƙarfe, tiyamin ɗinsu ma kaɗan ne ko babu. Masu liƙawa a fata su ma ba a dogara da su.

Abu guda kan tiyamin da muke so kowa ya haddace: duk wanda aka yi wa wannan tiyata, ko shekara nawa ke nan, idan ya yi kwanaki yana amai ba ya riƙe abinci, yana cikin haɗarin ƙarewar tiyamin. Alamunsa ruɗewa, gani biyu-biyu ko rawar ƙwayar ido, da kasa tsayawa daidai. Wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne da ake kira Wernicke, kuma na gaggawa ne. A asibiti a tuna wa ma'aikata su ba da tiyamin ta jijiya kafin ko tare da ƙarin ruwa mai suga, domin sugan yana cinye ɗan abin da ya rage, ya ƙara dagula lamarin.

Gwajin shekara-shekara

A shekarar farko ana gwada jini a wata na 3, na 6 da na 12. Daga nan sau ɗaya duk shekara, har iya rayuwa, ko da ana jin lafiya. A nemi cikakken ƙirgen jini, feritin, B12, folet, bitamin D, kalsiyam, sinadarin PTH, aikin hanta da na ƙoda, da HbA1c, wato awon matsakaicin sugan jini na watannin baya, ga wanda ya taɓa ciwon suga. Masu baifas a ƙara zinki da jan ƙarfe, masu sauyin diyodinam a ƙara bitamin A, E da K.

Biyu daga cikin waɗannan ana yawan tsallake su, kuma su ne ke fara tona asiri. Feritin yana nuna ajiyar ƙarfe, yana kuma faɗuwa watanni kafin jini ya ragu. Mutum na iya fama da kasala, haki a kan bene, zubar gashi da sha'awar tauna ƙanƙara, alhali an ce masa jininsa daidai yake. PTH kuma yana nuna ko jiki na satar kalsiyam daga ƙashi. Kalsiyam na cikin jini kusan kullum daidai yake fitowa, saboda jiki ba ya barin sa ya faɗi, gara ya kwaso daga ƙashi ya cike gurbin. Idan PTH ya hau, satar ta fara. Ana ba da shawarar hoton auna ƙarfin ƙashi kamar shekara biyu bayan tiyata, musamman ga masu baifas da matan da suka daina al'ada.

Cin abinci bayan an daina tsoro

Ƙa'idojin ba su canza ba daga na watannin farko, mutane ne ke sakin su. Furotin aƙalla giram 60 a rana, wasu har giram 1.5 ga kowane kilo na nauyin da ya dace da tsayinsu. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, kofin madara kamar giram 8, giram 100 na dafaffen kifi ko kaza giram 20 zuwa 30. A fara da furotin, sai ganye da kayan lambu, abinci mai sitaci ya zo ƙarshe idan da sauran wuri. A ƙaramin faranti, a zaune, cikin minti 20 zuwa 30, a tauna har ya yi laushi.

Ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi a rana, kurɓi-kurɓi, amma ban da lokacin cin abinci, kuma a jira minti 30 bayan an gama. Dalilin a fili yake: ruwa yana wanke abinci daga 'yar jakar ya tura shi hanji, ƙoshi ya tafi da wuri, yunwa ta dawo kafin lokacinta.

Masu baifas, da wasu masu silib, sun san abin da ke faruwa idan suga ko maiƙo ya zuba cikin hanji a lokaci ɗaya. Minti 10 zuwa 30 bayan cin abinci sai zuciya ta hau bugawa, gumi ya keto, ciki ya murɗa, jiri ya ɗebi mutum, wani lokaci har da gudawa. Abincin ne ya janyo ruwa daga jini zuwa hanji. Wannan yakan lafa idan an kwanta na ɗan lokaci, kuma maganinsa gyara abin da ake ci.

Akwai nau'i na biyu da ya fi wannan haɗari, kuma yawanci sai an shekara ko fiye yake bayyana. Awa ɗaya zuwa uku bayan cin abu mai zaƙi ko sitaci, hannu ya fara rawa, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani, magana ta sarƙe, wani har ya suma. Sugan ya shiga jini da gudu, jiki ya saki insulin fiye da kima, sai sugan ya faɗi ƙasa warwas. A sayi na'urar gwada suga a auna a daidai lokacin da abin ya taso. Ƙasa da 54 a ma'aunin mg/dL, wato 3.0 a ma'aunin mmol/L, abin kai wa likita ne. A lokacin, a sha kamar giram 15 na gulukos, a sake aunawa bayan minti 15, sannan a bi da abu mai furotin. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗirka lemon kwalba guda, sugan ya sake tashi ya sake faɗuwa, a wuni ana hawa da sauka. Rigakafinsa ƙananan abinci sau biyar ko shida, sitaci kaɗan a kowanne, kuma kullum tare da furotin. Idan hakan bai isa ba akwai maganin akabos, wanda ke rage saurin narkewar sitaci. Mai shan sa gulukos zalla zai yi amfani da shi idan suga ya faɗi, domin maganin yana jinkirta narkewar sugan shayi. Wanda abin ke kama shi ba tare da alama ba ya dakata da tuƙi har a shawo kansa.

Magungunan da suka zama abokan gaba

Ibuprofen, diclofenac, naproxen da danginsu, waɗanda ake sha don ciwon baya, ciwon haƙori ko ciwon mara, su ne kan gaba wajen haddasa gyambo a mahaɗar 'yar jakar tumbi da hanji. Hanjin da aka ɗinka a wurin ba shi da kariyar da tumbi ke da ita daga ruwan tsami. Masu baifas su guje su har abada, masu silib ma kada su sha sai da iznin likita. Parasitamol ba shi da wannan matsalar. A riƙa karanta bayan kwalin maganin mura da na ciwon jiki, domin da yawa suna ɗauke da waɗannan a haɗe. Wanda likitan zuciya ya ɗora a kan ƙaramin asfirin kada ya daina da kansa, a haɗa masa da maganin kare tumbi. Taba sigari ita ce ɗaya babbar mai kawo wannan gyambon, kuma tana hana shi warkewa.

Ƙwayoyin da aka ƙera su riƙa narkewa a hankali cikin awanni na iya wucewa ba su gama aiki ba bayan baifas, don haka a kan sauya su da masu narkewa nan take. Magungunan da ɗan kuskuren adadi ke da illa, irin su litiyam, maganin farfaɗiya, maganin maƙoƙo na levothyroxine da masu tsinka jini, suna bukatar awo bayan tiyata da kuma duk lokacin da nauyi ya sauya sosai. Maganin hawan jini kuma, adadin da ya dace da mutum mai kilo 140 zai iya kayar da shi idan ya koma 90. Jiri idan an miƙe tsaye alama ce ta a sake duba shi.

Ciwon cikin da ba a kwana da shi

Bayan baifas akwai 'yan ramuka da ke samuwa a cikin tantanin da ke riƙe hanji. Likitoci kan ɗinke su, amma idan kitsen wurin ya narke suna iya buɗewa, hanji ya zurma ciki ya shaƙe. Yana iya faruwa shekara ɗaya, biyar ko goma bayan aiki, kuma mai juna biyu ta fi shiga haɗarin. Ciwon yakan zo bayan cin abinci, a tsakiyar ciki ko sama ta hagu, yana sokawa har baya, ya lafa ya dawo. Wani yakan ji sauƙi idan ya duƙa gaba. Hoton CT na iya fitowa ba a ga komai ba alhali matsalar na nan, shi ya sa likitan da ya san aikin kan gwammace ya leƙa da kyamara idan ciwon ya ƙi tafiya. Hanjin da jini ya daina isa gare shi cikin awanni yake mutuwa. Ciwon ciki mai tsanani da ya wuce awa biyu zuwa huɗu, amai da ya ƙi tsayawa, aman jini, baƙin bayan gida mai kama da kwalta, zazzaɓi tare da saurin bugun zuciya: kowanne daga cikinsu na zuwa asibiti ne a daren, ba na jiran wayewar gari ba.

Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo yawanci tsakuwar matsarmama ce, wadda saurin ramewa ke haifarwa. Shi ya sa wasu likitoci ke ba da maganin ursodiol na wata shida bayan tiyata. Tsakuwar ƙoda kuma ta fi bin masu baifas: maiƙon da bai narke ba yana kama kalsiyam a hanji, sai sinadarin okzalet ya samu sarari ya shiga jini ya taru a ƙoda. Maganin shi ne ruwa da yawa, rage maiƙo, rage alayyafo, gyaɗa, cakulan da baƙin shayi, da shan kalsiyam sitiret tare da abinci don ya kama okzalet tun a hanji. Mutane kan daina kalsiyam idan suka ji kalmar tsakuwa, wanda hakan ƙara matsalar yake yi.

Masu silib kuma ƙwannafi ne nasu. Bututun matsattse ne, matsin cikinsa na tura ruwan tsami sama. A daina cin abinci awa uku kafin kwanciya, a ɗaga kan gado, a sha maganin da aka rubuta. Shekaru na wannan ƙuna na iya sauya fatar bututun abinci zuwa yanayin da ake kira Barrett, wani lokaci ba tare da mutum ya ji komai ba, don haka ake ba da shawarar leƙa ciki da kyamara kamar shekara uku bayan silib. Idan ƙwannafin ya gagari magani, ana iya mayar da silib ya zama baifas.

Idan nauyi ya fara dawowa

Nauyi yakan kai ƙarshen saukarsa tsakanin wata 12 zuwa 24, daga nan kusan kowa yana ɗan ƙarawa. Babban binciken da aka fara a Suwidin a 1987, mai suna SOS, ya nuna masu baifas sun rage kamar kashi 32 cikin ɗari na nauyinsu a shekara ta ɗaya zuwa ta biyu, a shekara ta goma kuma ragin ya tsaya a kashi 25. Duk da haka, sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna mace-mace ya ragu da kusan kashi 29 cikin ɗari a cikin waɗanda aka yi wa tiyata idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba. Ƙarin 'yan kilo ba ya nufin aikin ya lalace. Jiki ne ke ƙoƙarin komawa inda ya saba: yunwa na ƙaruwa, kuzarin da yake ƙonawa na raguwa.

Abin dubawa shi ne hawan da ba ya tsayawa. Kusan kullum ɗayan uku ne ke jawo shi. Na farko ɗan ciye-ciye duk wuni, loma nan loma can, wanda ƙaramin tumbi ba ya hanawa tunda ba a taɓa cika shi ba. Na biyu abin sha mai zaƙi. Na uku abinci mai santsi da ke narkewa a baki, irin biskit da ayis kirim, wanda mutum ke komawa gare shi saboda nama yana tsaya masa a ƙirji. Idan nama ko wani abinci mai tauri ya fara tsayawa bayan da can yana wucewa, a je a duba, mai yiwuwa mahaɗar ce ta ƙuntata ko gyambo ya fito.

A hau ma'auni sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe. A rubuta duk abin da aka ci na mako guda ba tare da ɓoye komai ba. A koma wurin likita tun ƙarin yana kilo biyar, kada kunya ta sa a jira ya kai ashirin. Yanzu akwai allurai irin su liraglutide, semaglutide da tirzepatide da ake amfani da su bayan tiyata, akwai kuma gyaran aikin ga wanda ya cancanta. A duba magungunan da ake sha, domin wasu na tabin hankali, da insulin da sitiroyid, suna ƙara nauyi.

Motsa jiki ya fi amfani wajen riƙe nauyi fiye da saukar da shi: minti 150 a mako a matsayin mafari, a hau zuwa 300, tare da ɗaga nauyi ko jan roba sau biyu ko uku a mako. Ɓangaren ƙarfafa tsoka bai kamata a bar shi ba, domin tare da kitse tsoka ma ta zube, kuma ita ce ke riƙe ƙashi.

Ciwon suga shi ma yana iya lafawa ya dawo. A binciken STAMPEDE na asibitin Cleveland, bayan shekara biyar kashi 29 cikin ɗari na masu baifas da kashi 23 na masu silib ne ke da HbA1c na 6 ko ƙasa, masu magani kaɗai kuwa kashi 5. Tazarar babba ce, amma tana nuna yawanci suna bukatar ci gaba da sa ido. Gwajin ido da na ƙoda na masu suga ba a daina shi. Haka na'urar numfashi ta masu ɗaukewar numfashi a barci: raguwar minshari ba hujjar ajiye ta ba ce sai an sake gwajin barci.

Juna biyu

Haihuwa takan buɗe da sauri bayan nauyi ya sauka, har ga matar da ta yi shekaru tana nema. A jira wata 12 zuwa 18, har nauyi ya tsaya. Ƙwayar tazarar haihuwa ta baki ba abin dogaro ba ce bayan baifas, robar mahaifa ko ashanar hannu sun fi tabbas. Kafin ɗaukar ciki a gwada jini a cike duk wani giɓi, sannan a riƙa maimaitawa duk wata uku. Mai sauran ƙiba ko ciwon suga akan ba ta folik asid miligiram 4 zuwa 5. Bitamin A ya zama nau'in beta-karotin, domin ɗaya nau'in nasa, wato retinol, idan ya yi yawa yana cutar da ɗan tayi. Gwajin suga na shan ruwan gulukos da ake yi a awon ciki bai dace da mai baifas ba, yana iya kayar da ita. Madadinsa a auna suga a gida na kamar mako guda tsakanin mako na 24 da na 28. Ciwon ciki ko amai mai tsanani kuma kada a ɗauke shi laulayi kawai, a sa likitan tiyata ya gani.

Zuciya da tunani

Wanda abinci ne mafakarsa idan ransa ya ɓaci, tiyata ta rufe masa wannan ƙofar ba tare da ta ɗauke ɓacin ran ba. Wasu sukan koma ga wani abin: kashe kuɗi ba lissafi, caca, ƙwayoyi ko giya. Bayan baifas giya tana shiga jini cikin mintuna, ta hau sama fiye da da, kuma bincike ya nuna haɗarin kamuwa da ita yana ƙaruwa daga shekara ta biyu. Ciwon damuwa kan yi sauƙi da farko ya dawo daga baya, kuma maganinsa ma ba lallai ya riƙa shiga jini kamar da ba. Zaman aure da abota sukan girgiza idan mutum ya sauya kama da hali. Baƙin cikin da ya wuce mako biyu, ko tunanin cutar da kai, abin faɗa wa likita ne a ranar, kamar yadda za a faɗi aman jini.

Zubar gashi ta wata na uku zuwa na shida takan tsaya da kanta. Wadda ta zarce shekara, a duba feritin, zinki da furotin. Fatar da ta saki a wanke ta a busar da lungunanta sosai, domin danshi na kawo ƙaiƙayi da gyambo. Tiyatar cire ta sai nauyi ya tsaya cak na aƙalla wata shida, yawanci bayan wata 18, jini da furotin sun cika, kuma an bar taba.

Katin aljihu

A rubuta ɗan kati a saka a walat, a kuma ɗauki hotonsa a waya: sunan aikin, shekarar da aka yi shi, asibitin, magunguna da bitamin da ake sha da adadinsu. A ƙasa a ƙara layi uku domin ma'aikatan gaggawa: kada a ba ni ibuprofen da danginsa, idan ina amai a ba ni tiyamin kafin ruwa mai suga, kada a zura min bututu ta hanci zuwa ciki sai da sanin likitan tiyata. Wani na kusa a gida ya san inda katin yake, ya kuma san alamun faɗuwar suga da na ƙarewar tiyamin, domin a duka biyun mai ciwon ba ya cikin hayyacin da zai yi wa kansa bayani.